Tambaya da Amsa: Wace Makarkata Ce Ta Dace da Ƙaramin Jirgin Ƙasa na Kan Tebur?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina yi maka fatan alheri tare da dukkan ma'aikatan wannan mujalla. Ni tsohon malamin makaranta ne mazaunin Tudun Wada a Zariya, kuma mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, shi ya sa tun ina yaro nake da sha'awar diga da taragu. Bayan na yi ritaya, ɗana da ke karatu a ƙasar waje ya aiko mini da ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, irin wanda ake kira sikelin N, na kuwa shimfiɗa masa diga a kan falanki mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa uku. Muddin jirgin yana zagaye a layi ɗaya ba ya ba ni matsala, amma tun da na sa makarkatu huɗu, wato mararrabar diga inda ake karkata jirgi daga wannan layi zuwa wancan, don in yi ƙaramar tasha, sai kan jirgin ya riƙa tsayawa cak a kansu, wani lokaci kuma tarago ya goce daga diga. Yaron zai zo hutu, ina so ya sayo mini wasu. Wace iri ce ba za ta ba ni kunya a gaban jikokina ba?

Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinmu, Ya kai rahama kabarinsa. Wasiƙarka ta yi mini daɗi, domin Zariya gari ne da tarihinsa na jirgin ƙasa ya ginu a kan makarkata. Ta nan layin da ya isa Kano a 1911 ya bi, daga nan ƙaramin layin da ya haura tsaunukan Jos ya rabu har zuwa rufe shi a 1957, daga nan kuma layin Gusau da Ƙaura Namoda ya ɓalle. Mutumin da ya tashi yana kallon ma'aikata suna karkata jirgi daga wannan layi zuwa wancan ba zai gamsu da jirgin da ke zagaye wuri ɗaya ba.

Kafin in ambaci sunan kowane kamfani, ina so ka ɗauki ɗaya daga cikin makarkatun nan naka ka kai ta wurin haske, domin matsalolin biyu da ka faɗa ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba. A bakinta za ka ga siraran ƙarafa biyu masu tsini waɗanda suke motsi dama da hagu, su ne harsuna, kuma kowanne yana jingina da ƙarfen gefe idan an juya shi. Idan ka bi su da ido zuwa gaba, za ka iske wurin da ƙarafa biyu suka gicciye suka yi kusurwa mai kaifi, da ɗan gibi a gabanta inda leɓen ƙafar jirgi yake wucewa. Wannan wuri masu harkar suke kira kwaɗo, kuma za ka ga kalmar Turancin da ke nufin haka, wato frog, a cikin sunayen da ke kan kwali. Daura da kwaɗon akwai gajerun ƙarafa biyu masu gadi, waɗanda aikinsu shi ne su riƙe ƙafar jirgi kada ta faɗa hanyar da ba tata ba. Tsayawar kan jirgi matsalar wuta ce, kuma yawanci a harsuna ko a kwaɗo take. Gocewar tarago kuwa matsalar awo ce, wato lanƙwasar makarkatar, ko shimfiɗarta, ko tazarar ƙafafun taragon. Wanda bai raba waɗannan biyu ba, zai iya kashe kuɗi mai yawa a kan sabuwar makarkata ya ga ciwon yana nan daram.

Bari in fara da wuta, domin ita ce ta fi damun mu da muke wannan yanki. Sikelin N ƙarami ne ƙwarai: tazarar ƙarafan digarsa milimita 9 ce, kuma jirgin ya kasance kashi ɗaya cikin 160 na girman na gaske, sai dai a Ingila ana yin sa a kan ɗaya cikin 148, a Japan kuma ɗaya cikin 150. Kan jirgi mai wannan girma ba shi da nauyin da zai danne datti, kuma wutar da yake sha tana shigarsa ne ta ɗan wurin da ƙafa ta taɓa diga, wanda bai kai kan allura ba. A makarkatu da yawa, musamman masu araha da tsofaffin ƙira, harshe yana samun wuta ne kawai ta hanyar jinginar da ya yi da ƙarfen gefe. A ƙasashen da ake ƙera su wannan yana iya yin aiki shekara da shekaru, amma a Zariya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu ba ta barin ko ɗakin da aka rufe tagoginsa. Na taɓa barin nawa falankin a buɗe kwana biyu kacal a watan Janairu, da na dawo na kunna, ƙaramin kan jirgin da nake shirya taragu da shi ya tsaya a makarkata uku a jere, fitilarsa ta mutu. Da na zura farar takarda tsakanin harshe da ƙarfen gefe na jawo ta, sai ta fito da jan layi na ƙura siriri kamar an ja shi da fensir. Wannan ɗan layin shi ne ya yanke wutar.

Saboda haka, tambayar farko da ya kamata yaronka ya yi wa mai sayarwa ita ce: ta yaya wuta take isa harsuna da kwaɗo? Kamfanin Peco, wanda masana'antarsa take a ƙauyen Beer cikin yankin Devon na Ingila, yana da iri uku da suka isa misali ga duk sauran. Insulfrog tana da kwaɗo mai tsinin roba, ba ta buƙatar wata dabarar haɗa waya, shi ya sa masu farawa suke son ta, amma robar nan wuri ne da babu wuta, kuma gajeren kan jirgi mai ƙafafu huɗu ko shida yana iya maƙalewa a kai idan yana tafiya a hankali. Electrofrog kwaɗonta ƙarfe ne gaba ɗaya, jirgi yana wucewa sumul, sai dai dole a sa mahaɗan roba a ƙarafa biyun da suka fito daga kwaɗon, in ba haka ba wuta za ta haɗu, kuma idan ana son ta daina dogaro da jinginar harshe sai an yi mata ƙarin aiki da waya da dalma. Ta ukun, Unifrog, ita ce sabuwa a cikinsu. An haɗa harsunanta da ƙarafan gefe ta waya tun daga masana'anta, tsinin kwaɗon kuma ɗan ƙarfe ne da aka keɓe shi aka fito masa da waya ta ƙasa, wadda za ka iya bari haka nan yau, gobe in ka ga buƙata ka haɗa ta da makunnin da ke sauya mata wuta duk lokacin da aka juya makarkatar. A ganina, ga mai zama cikin ƙura irin tamu, wannan ƙirar ita ce ta fi dacewa, kuma ita zan sa a gaba. Abu ɗaya da ya kamata ka sani game da ita shi ne, duka rassanta biyu suna da wuta a kowane lokaci, don haka idan kana so ka ajiye kan jirgi a layin gefe ya tsaya yayin da wani yake tafiya, sai ka keɓe layin ka sa masa nasa makunnin, sai fa idan kana amfani da tsarin nan na DCC wanda kowane kan jirgi yake karɓar umarninsa shi kaɗai.

Idan aikin dalma bai kwanta maka ba, kada wannan ya hana ka. Duk mai gyaran rediyo ko wayar hannu a kasuwar Sabon Gari yana yin aikin da ya fi wannan ƙanƙanta kullum. Ka dai ja masa kunne cewa matasan digar, wato sandunan da ke gicce a ƙarƙashin ƙarafanta, na roba ne, idan ya daɗe da ƙarfen zafi a kai za su narke, tazarar ƙarafan ta lalace.

Sai batun gocewa. Ban ga makarkatunka ba, amma yadda ka kwatanta falankinka ya sa nake zaton gajeru ne, irin waɗanda suke zuwa da kayan masu farawa. Ana auna kaifin makarkata ta hanya biyu. Amurkawa suna ba ta lamba: lamba 4 tana nufin reshen yana nisanta da awo ɗaya a duk awo huɗu na tafiya, wato kusurwar kusan digiri 14, lamba 6 kuma awo ɗaya a cikin shida, kusan digiri 9 da rabi. Turawan Ingila da mutanen Japan sun fi ambaton girman da'irar da lanƙwasar ta fito daga cikinta, suna auna daga tsakiya zuwa baki. Mafi gajarta a kayan Peco, ta jerin Setrack, milimita 228 ce, kuma tana karkata da digiri 22 da rabi, wanda kwana ce mai tsanani ga dogon taragon fasinja. A jerin Streamline mai siririn ƙarfe akwai ƙarama ta milimita 305, da matsakaiciya ta 457, da babba ta 914, dukkansu kuma suna fita da digiri 10. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, tsakanin ƙaramar da matsakaiciyar bambancin tsawo bai kai santimita biyu ba, alhali bambancin natsuwar jirgi a kansu a bayyane yake. Mai ƙaramin falanki yakan ɗauka gajeriyar makarkata ce za ta cece shi, sai ya cusa takwas inda biyar suka isa. Ni shawarata ita ce kada ka ƙara yawansu, tsawonsu za ka ƙara. Tasha mai layin kaucewa ɗaya da layin kaya biyu tana buƙatar makarkatu huɗu ne kawai, kuma falanki mai ƙafa shida zai ɗauki matsakaita huɗu ba tare da takura ba.

Akwai wata hanya dabam da nake so ka yi tunani a kanta, musamman tunda jikoki ne za su riƙa taɓawa. Kamfanin Kato na Japan yana yin diga mai suna Unitrack wadda take zuwa da gindinta na roba mai kamannin tsakuwa, ana haɗa ta ana warware ta da hannu, kuma na'urar da ke juya makarkatar tana ɓoye cikin gindin, ba a buƙatar huda falanki. Tana da lamba 4 mai lanƙwasar milimita 481 da lamba 6 mai 718, kuma masu wannan harka sun fi jinjina wa lamba 6 wajen rashin ba da wahala. Fa'idarta a wurinmu ita ce, idan hunturu ya yi tsanani za ka iya kwance komai ka mayar cikin kwali. Rauninta kuma shi ne kamanninta bai kai na digar da aka shimfiɗa aka zuba wa tsakuwa da hannu ba, sannan kana ɗaure da awon da kamfanin ya yanka. Idan burinka shi ne jirgi ya yi tafiya ranar Sallah yara suna kallo ba tare da ka miƙa yatsa ka tura shi ba, wannan ce hanya mafi sauƙi. Idan kuwa burinka ka sake gina tashar da mahaifinmu ya yi aiki, da layukanta da ɗakin sigina, to Peco za ta fi ba ka 'yancin lanƙwasa diga yadda kake so.

Dole in yi maka gargaɗi a kan tsayin ƙarfe, domin nan ne mai saye daga nesa ya fi yin kuskure. Za ka ga an rubuta lamba 80 ko 55 a kwali. Wannan tsayin ƙarfen digar ne a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci, wato 80 ya ɗan haura milimita 2, 55 kuma kusan milimita 1.4 ne. Siririn ya fi kama da diga ta gaske, amma tsofaffin jirage da taragu suna da dogon leɓe a ƙafafunsu, wanda yake bugun ƙusoshin matashi idan ƙarfen gajere ne. Digar 55 ta kamfanin Atlas na Amurka an yi ta ne don ƙafafu masu gajeren leɓe. Ta Peco kuwa dabara aka yi mata: ƙarfen dogo ne, aka binne ƙasansa cikin roba, ya zamana ido yana ganin siriri amma yawancin tsofaffin ƙafafu suna samun wurin wucewa. Ka sa yaronka ya duba irin digar da ka riga ka shimfiɗa, ya sayo makarkata daidai da ita, domin haɗa tsayi biyu yana barin ɗan tudu a mahaɗa, kuma a sikelin N tudun da farce yake ji ya isa ya ɗaga tarago.

Ka kuma roƙe shi ya haɗo maka da ɗan ƙarfen awo na ƙungiyar NMRA, wato ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka da aka kafa a 1935. Faranti ne da bai kai tafin hannu ba, an yanka masa tsaga da ake gwada tazarar ƙafafu da ta diga. A ƙa'idar ƙungiyar, tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta kusan milimita 7.65 ne, a ƙa'idar ƙasashen Turai kuma kusan 7.4. Idan ƙafafun sun matse, za su hau ƙarfen gadi. Idan sun buɗe, leɓe zai doki tsinin kwaɗo. Alamar da za ka gane mai laifi da ita mai sauƙi ce: idan tarago ɗaya ne yake gocewa a makarkatu dabam-dabam, laifin taragon ne, idan kuwa taragu dabam-dabam ne suke gocewa a wuri ɗaya, laifin makarkatar ne ko shimfiɗarta. Taragon da ya cika sakayau ma yana gocewa, kuma ƙungiyar ta ba da shawarar nauyin kusan giram 14, a ƙara kusan giram 4 a kan kowane inci na tsawonsa.

Shimfiɗar kanta tana da nata haƙƙi. Katako yana kumbura da damina ya tsuke da rani, kuma a garin da daren hunturu yake sauka ƙasa da digiri 15, ranar Afrilu kuma ta doshi 40, ƙarfe ma yana miƙewa. Ka nemi filawud mai kauri, kafinta ya ɗaure masa ƙasa da katakai, a shafe shi da fenti ciki da waje kafin a ɗora diga, sannan ka bar gibi mai kaurin katin waya a wasu mahaɗan. Kada ka kafe makarkata da ƙusa har ta lotsa, kada ka ɗora ta inda hawa ya fara, kuma idan lanƙwasar dama za ta biyo bayan ta hagu, ka sa miƙaƙƙiyar diga tsakaninsu mai tsawon taragonka mafi tsawo. Ranar da za ka zuba tsakuwa, ka nisanta gam daga sandar da ke riƙe harsuna, domin ɗigo ɗaya yana iya daskarar da ita.

Game da juyawa, makarkatun Peco suna da ɗan sifirin da ke danna harshe ya zauna, don haka yatsa ya isa, kuma a falankin da hannu yake kaiwa ko'ina ban ga dalilin gaggawar sayen na'ura ba. In ka sa irin ta maganaɗisu daga baya, ka sani taɓawa ɗaya take so, riƙe maɓalli yana ƙona ta. Ka kuma duba taransifomar da za a kawo: kayan Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, na Japan 100, tamu kuwa 230 ce, na Ingila ne suka yi daidai da namu har da bakin soket.

Da ni ne, zan ce wa yaron ya sayo matsakaitan Unifrog idan digarka ta yarda da su, ko lamba 6 ta Kato idan za ka sake shimfiɗa daga farko, guda biyar maimakon huɗu domin a ajiye ɗaya, tunda ba abu ba ne da za ka samu a kanti a Zariya ko Kaduna ranar da ya lalace. Kafin ka kafe ko ɗaya, ka jera su a kan tebur ka tura kowane tarago da yatsa ta kowane reshe, gaba da baya, sannan ka bi da kan jirgi a mafi ƙarancin gudunsa. Ka kuma sa a ɗinka wa falankin murfin leda ko na yadi mai kauri.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Samaru. Na tsinci kwalin tsofaffin diga da makarkatu a cikin kayan gwanjo, wasu sun yi duhu wasu sun yi ja. Ko za su yi amfani, ko in haƙura?

Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.

AMSA: Ƙanena, barka kadai. Ka fara da maganaɗisu. Duk wadda ya kama ƙarfenta na baƙin ƙarfe ne, shi ne yake yin jan tsatsa, kuma da wuya damina ta bar ka ka more ta. Mai launin rawaya tagulla ce, tana ɗaukar wuta amma tana dusashewa da sauri, sai an yi ta gogewa. Wadda ake nema ita ce mai launin azurfa wadda maganaɗisu ba ya kamawa, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, kuma ita ake yin diga da ita a yau. Bayan haka ka auna tazarar ƙarafan da rula, domin milimita 9 ta sikelin N ce, 16.5 kuma ta manyan sikelin da ake kira HO da OO ce, ba sa haɗuwa. Ka motsa harsuna ka ga ko suna kwanciya jikin ƙarfen gefe ba tare da gibi ba, ka ɗora makarkatar a kan gilashi ka ga ko ta kwanta daidai, ka kuma ari mitar gwajin wuta a ɗakin gwaje-gwajenku ka bi kowane ƙarfe tun daga baki har ƙarshe. Wajen tsabtacewa ka yi amfani da tsumma da sifirit, kada ka kusantar da sanfefa, domin ƙarzar da take bari ita ce take tara datti. Waɗanda suka ci wannan jarrabawa ka sa su a layukan gefe kusa da hannunka, inda za ka iya cirewa cikin sauƙi idan sun fara ba da matsala.